Tsohon da Ya Zo Neman Zarwali

Tun da muka binne abokina Zarwali, maƙerin bindiga, nake zuwa in zauna a ƙofar shagonsa da ke rufe a kasuwar Darra. Yau ga wani tsoho tsaye a kaina, gemunsa ja da lalle, yana rungume da bindigar farauta cikin mayafi kamar jariri. Ban san shi ba, amma kaushin ƙafarsa na mutanen kan dutse ne.

"Ɗana, ina mai shagon? Ko malalacin bai tashi daga barci ba?"

Bai jira amsa ba, ya zaro murfin gwangwanin da yake gwada harbi a kai, duk huji, ko ɗaya babu a tsakiya. Da hannunsa yake ɗura harsasansa a tsofaffin kwanso, in ji shi, yana auna albarushi da ɗan cokalin da Zarwali ya ƙera masa. Ya rage, ya ƙara, ya wanke bututun bindigar da tafasasshen ruwa, amma kyarkeci na cin awakinsa yana kallo.

"Shi kaɗai ya san ciwonta," ya ce, yana shafa bindigar.

Na gaya masa Zarwali ya rasu. Ya ɗaga hannu muka yi fatiha. Yanzu yana leƙa bututun ta hasken rana, inda zanen ciki mai daidaita harsashi ya shafe sumul. Ina jin tun a gida ya san bindigar ta gama aiki, so yake ya ji daga bakin da ya yarda da shi.

"Sanyi ya kusa," ya ce. "Bari in je in sayar da sauran awakin."