Idon Siddappa da Tanderun Surukinsa

Shekara talatin Siddappa ya yi yana tsoma alminiyam a tankin sinadari, a wata ƙaramar masana'anta da ke unguwar Peenya. Ni na yi ashirin a gefensa. Aikin kenan: kayan injin su fito daga tanderu, mu wanke su, mu tsoma, su fito da launi ɗaya kamar kurkum, don kada iska ta ci su. Bai taɓa duba agogo ba. Ido kawai. Sinadarin ya rina masa farce, ya cinye masa cikin hanci har ba ya jin ƙanshin kofi, amma idon nan ko masu digiri suna shakkarsa.

Sai bara kayan suka fara fitowa dabbare-dabbare, nan rawaya, can fari fat. Masu saye suka dawo da su har sau uku. Manaja ya ce lallai mutum ɗaya zai tafi, ko mai tanki ko mai tanderu. Mai tanderun kuwa Mahadeva ne, mijin Girija 'yar Siddappa, wadda ke goyon wata biyu.

Manaja ya tambayi Siddappa, "Tsoho, daga ina matsalar take?"

Siddappa ya daɗe yana shafa ƙarfen da babban yatsa. "Idona ne, yallaɓai. Hazo nake gani."

Wallahi har ni na yarda. Har tsiya na yi masa ranar sallama. "Yaya, ka sayi tabarau, kada ka tsoma matarka, yayarmu, a rijiya." Ya yi dariya. Har yau maganar tana cina.

Tafiyarsa ba ta gyara komai ba. Bayan wata uku aka gano tanderun ne ke wuce kima, yana ƙona fatar ƙarfen yadda sinadari ba zai kama ba. Aka kori Mahadeva ma. An yi ba a yi ba kenan.

Na hau bas zuwa ƙauyen su Siddappa kusa da Tumakuru don in wanke shi. Na tarar da shi a ƙofar gida yana zura wa matarsa zare a allura, sau ɗaya tak. Na tsaya ina kallon allurar.

Ya ce, "Zauna, ƙanena. Yaron nan Mahadeva yana nan a aikinsa?"

Na zauna, idona na kan allurar.