Iyakar Gonar Nassirou

Nassirou bai taɓa lasar ko cokali ɗaya na zuma daga ƙudan da ya ƙare rayuwarsa yana karewa ba. Ya san ba zai lasa ba, kuma bai fasa ba. Allah ya jiƙansa.

Ɗan wani ƙauye ne a gefen Maraɗi. Ya zo Amurka a farkon shekarun dubu biyu, ya kama tuƙin tasi, yana jigilar mutane daga tashar jirgin ƙasa ta Metro da ke Largo, a gefen babban birnin ƙasar, zuwa unguwannin ofisoshin jakadanci. Amma hannun manomi ba ya zama lafiya a kan sitiyari. Da ya ji akwai wata dattijuwa baƙar fata, Constance, mai gona a bayan gari tana yanka wa mutane fili haya, bai kwana biyu ba ya je. Aka ba shi wuri mai kyau kusa da famfo. Ya shuka yakuwa da kuɓewa da gauta da tumatur, ya kuma bar iyakar gonarsa da ciyawa kamar yadda mahaifinsa yake barin gamba, don ya tarar da wata ciyawa a wurin mai kama da ita.

A nan ya fara ganinsu: manyan ƙudan zuma masu gashi, baƙi da rawaya, masu kama furen tumatur su girgiza shi da ƙugi. Ya sa musu suna 'yan bargo. Ya yi lissafi irin na gida, ƙuda mai wannan girma ai zumarsa sai tulu. Ya saƙa amya da hannunsa, ya yi mata turare, ya hau bishiya ya rataye. Damina ta wuce, wata ta zo, ko ɗaya bai leƙa ba. Amininsa Zulkifilu, Baban Afnan, Bakano mai aikin jinya a asibitin Largo, ya laƙaba masa Sarkin Zuma, duk Juma'a sai ya tambaye shi ko ya zo da galan. Matarsa Aïchatou ta fi kowa tsiya, ta ce da amyar nan kwando aka saƙa da ta samu na zuba albasa.

Constance ce ta gaya masa gaskiya, tana dariya har da hawaye. Waɗannan ba sa hawa bishiya, a ƙasa suke gida, a gindin tsohuwar ciyawa da ramukan ɓera, kuma ɗan abin da suke tarawa na cikinsu ne kawai. Idan sanyi ya zo duk su mutu, sai uwayen da suka shige ƙasa su kwana har bazara. Nassirou ya je ya tsuguna a bakin iyakarsa, ya ga suna shiga suna fita a ƙarƙashin ciyawar da ya bari. Ya daɗe a tsugune. Ashe shi ya ba su masauki bai sani ba.

Rigima ta taso ne shekarar da kaska ta ciji jikar Constance, yarinya ta sha jinya. Dattijuwar ta ce a ciyawa kaska take ɓuya, ta kafa doka: duk iyaka a aske ta ƙwal, wanda ya ƙi ya bar mata fili. Kowa ya aske, sai Nassirou. Bai ce ta yi ƙarya ba, ya je ya duba yarinyar har gida. Amma ya ce shi ba zai sa inji a kan baƙinsa ba. Zulkifilu ya yi masa magana har ya gaji, ya ce kai da ko zuma ba ka samu, za ka rasa filin da ya fi na kowa saboda ƙwaro.

"Malam, wanda ya sauka gidanka sai shina biyanka kake barinshi ya kwana?" in ji Nassirou. "Ba ni yankewa."

Ya koma wurin Constance da tayin da ba wanda ya zata. Ta karɓi filinta na bakin famfo, ta ba shi kusurwar nan ta can ƙarshe, gefen daji, mai tsakuwa, inda yara ba sa zuwa, da sharaɗin inji ba zai taɓa shiga ba. Ta ce masa ko ciyawar kirki ba ta fita a wurin. Ya ce ya ji ya gani. Da kaka ta yi, ya haƙo gindin ciyawarsa ɗaya bayan ɗaya da ƙasarsu, ya tura a baro zuwa sabon wuri. Daga nan ruwa ma a jarka yake ɗauka. Kuɓewarsa ta ragu, yakuwa ta ƙanƙance, amma ya bar furannin daji suka cika gefen, kuma da ɗumi ya dawo aka ji ƙugi a kusurwar. Ranar ya kira Zulkifilu a waya, ya kanga wayar a jikin fure don ya jiyar da shi ƙugin.

Haka ya yi shekaru, har ciwon hanta ya kwantar da shi. Ya rasu cikin sanyin shekarar dubu biyu da goma sha bakwai. Har a gadon asibiti abin da yake tambaya ke nan, ko an taɓa kusurwar. Mutum mai taushin zuciya, amma idan ya kafe ko tarakta ba ta jan shi.

Da bazara ta yi, Constance ta tsufa ta bar wa ma'aikata gonar, wani sabo ya nufi kusurwar da injin yankan ciyawa, don a ganinsa kango ne. Ya tarar da mace tsaye a bakin iyaka da jarka a hannu. Aïchatou ce, ba ta daɗe da fita takaba ba, Zulkifilu ya kawo ta. Mutumin ya ce mai wurin ai ya mutu. Ta ajiye jarkar, ta gyara mayafinta, ta amsa da Turancinta na kasuwa cewa mai wurin ya mutu, amma sharaɗinsa bai mutu ba, ya je ya tambayi tsohuwa.

Ya kashe injin ya tafi tambaya, bai dawo ba. Ita kuwa ta juya ga Zulkifilu, idonta jawur.

"Baban Afnan, tsaye za ka yi? Ɗauko ɗaya jarkar."

Amyar tana nan a bishiyar har yau, ruwa ya cinye rabinta. Aïchatou ta hana a sauke.