Dutsen Danne Jarida

Gaban teburin mai jarida a kasuwar Taminus, wani tsoho na tsaye, tabarau ɗaure da zare, tafin hannu duk kanta. Ina jin tsohon mahaƙin kuza ne. Yana karantawa da ƙarfi: masana sun fasa dutsen da ya faɗo daga sama, sun sami sinadaran amino, irin masu gina tsokar jikinmu.

"Kai! Muna ta tonon ƙasa, ashe kayan na sama!" in ji tsohon.

Sai ya ɗauke dutsen da ke danne jaridu, ya jinjina, ya lasa.

"Baba, wannan ɗan unguwar Gangare ne, ba na sama ba!" in ji mai jarida.

Iska ta kwashi jaridun, muka bi su a guje. Shi kuwa yana nan, dutse a hannu, yana yi wa sama murmushi.