Kujerar da na kai wa Baffa

Ko tasbihin asuba ba mu ƙarasa ba muka tashi daga Kano, ni da wani abokin aikina mai mota, da kujera kwance a baya cikin leda kamar mara lafiya.

Baffana na wani ƙauye a bayan Bagwai, ciwon gwiwa ya hana shi ruku'u da sujada, sai a zaune. Wani ya turo mini hotonsa a sahu bisa jarkar manja, abin ya tsaya mini a rai. Na shiga shagon kayan ɗaki na zaɓo irin ta zamani: ƙafa ɗaya ta ƙarfe, mazaunin katako da aka lanƙwasa kamar sirdi, da ɗan hannu a ƙasa na ɗagawa da saukewa. Kuma tana juyawa. Mai shagon ya ce nan darajarta take, na gyaɗa kai irin na masu ilimi.

A Dawanau muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ne ya yi ƙiba. Manyan motoci na lodin wake, direbobi na zagin juna cikin ladabi. Daga nan sai gonaki, gero ya fi mutum tsawo, gida na kallon gida, ba ka ganin taƙin ƙasa da aka bari banza. Da muka sauka daga kwalta, ruwan jiya ya mai da hanyar kunu.

Baffa ya karɓi kujerar, ya shafa katakon, ya sa albarka. Aka kawo dambu da zogale. Da la'asar ni na ɗauke ta zuwa masallaci da kaina, don a san wanda ya kawo.

Masallacin tabarmi ne a kan yashi. Raka'ar farko lafiya. A ta biyu Baffa ya sunkuya, ƙafarsa mai lafiya ta tokare ƙasa, kujera ta fara aikinta. A hankali ya bar gabas ya nufi arewa, bai tsaya ba sai da ya fuskanci sahun baya, ido cikin ido da mai shagon unguwa. Na miƙa hannu in riƙe, na dafa wancan ɗan hannun. Ta yi tsaki, Baffa ya nutse ƙasa. Tari ya kama sahun baya gaba ɗaya.

Bayan sallama ya ja jiki zuwa bango, ya miƙe ƙafa a ƙasa, ya sake sallarsa shi kaɗai. Ban taɓa jin raka'a huɗu mai tsawon wannan ba.

A hanyar gida ya ce, "Ɗan nan, kujerarka na da kyau. Sai dai ba ta san gabas ba."

Magariba a ɗaki ya yi ta. Matarsa ta ce tun da ta zo gidan, ko zazzaɓi bai taɓa hana shi jam'i ba.

Washegari muka juyo, abokina na ta danne dariya har Dawanau. Na gane ban tambayi Baffa abin da yake buƙata ba, domin ba gwiwarsa na je yi wa magani ba, kunyata ce. Jiya na buga waya, an ce ya koma masallaci. Amma dattijon da garin ke kira Malam tun kafin a haife ni, yanzu abokan wasansa Fanka suke ce masa.