Mangwaro a Gonar Aro

Farkon damina ne, shekarar da Babbar Sallah ta faɗo ana tsakiyar shuka. Ruwa ya yi jinkiri, har sai da mutane suka riƙa duban sama kafin su gaisa, sannan da ya tashi zuwa ya zo da ƙarfi. Gyaɗa ta yi tsada, kowa a takure yake. Ni dai raina a sake yake a shekarar, don babbar 'yata ta sauka lafiya, kuma sana'ata ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba ta tsaya ba.

Daga ƙauyenmu da ke kusa da Kudan nake kai kaya. Akwai masu saye da yawa da muka daɗe tare, kamar wani dattijo mai shago a Ikara, da mai tsire a tashar Kudan da ke ɗaukar ƙuli don haɗa yaji. Duk Sallah nakan yi musu 'yar kyauta. Shekara da shekaru robobi nake saya, iri ɗaya, kala ɗaya, in raba. Wata rana ina wucewa ta bayan kasuwa na hango ɗaya daga cikin robobina a bola, ta tsage gida biyu, ko wata huɗu ba ta yi ba. Ban ji haushin kowa ba. Na dai ce a raina, bana zan ba da abin da zai daɗe, kuma kowa zan zaɓa masa nasa.

Sai na tsaya a kan itatuwa. Tun da rani na fara rainon dashe a ledoji a gindin randa. Dattijon Ikara na ware masa zogale, don ya sha gaya mini likita ya hana shi abubuwa da yawa. Mai tsire na ware masa lemun tsami. Na yanka tsohuwar jarka ƙanana-ƙanana, na huda don in rataya wa kowane dashe, na sayi fentin gwangwani, na zauna ina rubuta sunan kowa da tsinke, yadda ruwa ba zai wanke ba. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina goye da autana, don haka rubutu ba ya mini sauri. Kwana uku na yi a kansu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganin hannuna a jikin robar nan.

Mafi kyau a cikin dashen, mangwaro ne mai aure, wanda na saya a wurin masu rainon itatuwa. Shi na ajiye wa Maman 'Yan Biyu.

Ita mai abinci ce a Makarfi, kusa da ofisoshin ƙaramar hukuma. Kirista ce, daga kudancin Kaduna suka zo da mijinta, ya rasu ya bar ta da yara biyar. Shekara bakwai tana ɗaukar jarka biyu na mai a wurina duk ranar kasuwa. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma Hajiya-ba-Makka take kirana, a gaban kowa. Takan ɗanɗana man da yatsa ta ce wai yau na yi rowar gyaɗa, sannan ta cika mini kwano da shinkafa ta hana ni tashi sai na cinye. Ta sha ba ni labarin gonarta, 'yar ƙarama a hanyar Dandamisa, inda take shuka masara da wake. Da masarar nan take ciyar da gida, abin da ta samu a rumfa kuma ya tafi makarantar yara. Na yi lissafi a raina, mai gona da yara biyar, ai mangwaro ne daidai ita.

Da na miƙa mata, ta juya robar ta karanta sunanta, ta daɗe tana kallo. Ta ce tun da ta bar garinsu ba wanda ya taɓa rubuta sunanta na gaskiya a jikin komai, kowa Maman 'Yan Biyu. Sannan ta ce baƙaƙena sun karkace kamar kaza ta taka fenti. Muka yi dariya. Na ce mata ta dasa a gona, nan da 'yan shekaru jikokinta za su sha inuwa su sha mangwaro. Ta ce to, ta ajiye dashen a gefe. Ban tambaye ta komai game da gonar ba.

Bayan kamar mako shida, na kai mata mai na tarar ba ta da walwala. Ba ta ɗanɗana man ba, ba ta tsokane ni ba. Sai da masu cin abinci suka ragu na matsa kusa na ce, "Yaya, ko jikin ne?"

Ta ce jiki lafiya. Gonar ce. Ashe ba tata ba ce, aro ce. Wani tsoho ne ya ba mijinta tun zuwansu, duk kaka ta kai masa ɗan abin da ya samu, ba wata takarda a tsakani. Tsohon ya rasu bara, 'ya'yansa ba su gama rabon gado ba. Babban ɗan ya zaga gonakin, ya tarar da mangwaro a tsaye a bakin iyaka, an kewaye shi da ƙaya, ga suna a rataye. Ya tara 'yan'uwansa ya nuna musu. Suka aiko mata cewa ta cire amfaninta in kaka ta yi, ta bar musu gonarsu.

Na san abin da suka gani. A wurinmu mai aron gona yana shuka abin da zai girbe a shekara, amma ba ya dasa itace. Wanda ya dasa itace, kamar ya ce nan wurina ne, ni da 'ya'yana. Da wannan aka raine ni, mahaifina ma ya taɓa ba da aron gona da wannan sharaɗin. Ni kuma ban tsaya ga itacen ba, har suna na rataya masa, da fentin da ba ya wankuwa.

Na ce, "Yaya, ke ma ai kin san wannan. Me ya sa kika dasa?"

Ta ce, "Na sani mana. Gidan da nake haya siminti ne har bakin ƙofa. In bar shi a leda ya mutu, ki zo ki tambaye ni in ce miki me? Na ce can gefe ne, ba wanda zai kula."

Na tambaye ta ko ta gaya musu kyauta ce. Ta ce ta gaya musu, babban ɗan ya ce kowa ma haka zai faɗa. Ta tuge dashen da hannunta, amma sun ce magana ta riga ta fita. Duk da haka sai da ta zuba mini shinkafa. Na kasa ci, ba ta kuma matsa mini ba.

A mota ina ta juya abin. Na san tana son mai ya soyu sosai, na san ɗanta na biyu yana fama da asma, na san ranar da mijinta ya cika. Na ɗauka na san ta. Shekara bakwai tana cewa "gonata", ban taɓa tambayar yadda aka yi ta zama tata ba, alhali na san baƙuwa ce, kuma baƙo a nan ba kasafai yake da ƙasa ba. Ina can ina murnar na iya zaɓe, na iya rubutu.

Da na isa gida bayan la'asar na gaya wa maigidana. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce magada in suna cikin rabo, ko inuwar tsuntsu suka gani a gona sai sun tsorata, kada in sa rai da yawa. Gaskiyarsa. Gonar ba ta dawo ba. Abin da aka samu kawai, sun bar ta ta ƙara damina ɗaya kafin ta nemi wata, wadda ta samu daga baya, mai nisa, mai tsakuwa. Har yau tana sayen mai a wurina, tana kirana da sunan tsokanar nan, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni ce ban daina tunanin abin ba.

A ranar dai ban san yadda za ta ƙare ba. Washegari da safe ban kunna wutar suya ba. Na roƙi maigidana ya raka ni, don ba zai yi kyau mace ta je wa magada ita kaɗai ba. Na ɗauko gwangwanin fentin da sauran robobin da na ɓata wajen koyon rubuta sunanta, na ƙulle a ɗankwali, muka hau mota zuwa Makarfi, in je in gaya wa babban ɗan cewa hannun da ya rubuta sunan nan nawa ne.