Yankan Baba

Mahaifinmu shi ne mai yanka a unguwarmu ta Toranke. Kaza ko rago, suna ko layya, ƙofar gidanmu ake kawowa, don kowa ya yarda da sallarsa. Ba malami ba ne, karatunsa bai yi nisa ba, amma wuƙarsa ba ta taɓa yin tsatsa ba.

Shekarar da wani mai wa'azi ya sauka a kasuwar Gaya yana cewa duniya ta zo ƙarshe, Mahadi na gab da bayyana a gabas, yayana ya je sayar da gero ya dawo wani mutum daban. Wanda da ko sallar asuba sai an yayyafa masa ruwa, sai ga shi yana gyara wa tsofaffi ruku'u. Da fari tsiya nake masa, ina kiransa limamin rana tsaka. Ban san abin ya wuce wasa ba sai da ya ce duk wanda ya zauna ƙarƙashin sarakunan zamani ya ƙi hijira, ya bar Musulunci.

Ranar da ayarinsu na hijira zai tashi, Baba ya yanka tauren da yake ji da shi, Inna ta soya naman guzuri. Yayana ya dubi ƙwaryar, ya janye hannunsa.

"Inna, wa ya yanka?"

"Yo wa ke yanka a gidan nan?" in ji ta.

"To mushe ne. Ba na cin yankan wanda ya ƙi amsa kira."

Baba na zaune a tabarma, wuƙar na gefensa. Na zaburo, don ni zuciya gare ni, sai Baba ya ɗaga mini hannu ya hana ni. Har yau ina jin haushin wannan hannun.

Yayana ya bi gabas, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu sun ce ƙishirwa ce ta cinye ayarin, wasu sun ce yaƙi.

Baba bai ƙara yanka ba. In an kawo kaza sai ya ce hannunsa na rawa, a kai maƙwabta. Hannun kuwa lafiyarsa ƙalau, da shi yake noma.

A ciwon ajalinsa, ina tofa masa addu'a, ya riƙo rigata.

"Naman nan da na ciyar da mutane shekara da shekaru," ya ce, "kana ganin halal ne?"

Na ce halal ne, har da rantsuwa. Ya saki rigar a hankali, ya mai da idonsa bakin ƙofa. Ba daga bakina yake jiran amsar ba.