Bindigogin Kawu Guda Biyu

Shekarar da na cika talatin da biyu ina aiki a filin jirgin sama na Madina, sashen kaya. Lokacin aikin hajji ko ruwa a tsaye muke sha. Amma da jirgin alhazai na ƙarshe ya ɗaga, sai in rasa inda zan sa kaina. In zauna, in tashi, in zagaya dutsen Uhudu a mota ba gaira ba dalili. Ina cikin wannan hali Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya aiko a kira ni.

Kawu maharbi ne tun yana saurayi, amma ba na dabba ba. Madina harami ce, ba a farauta a cikinta, shi kuma ko a wajenta ba ya son ganin jinin tsuntsu. Abin da yake harbi farantan yumɓu ne, waɗanda na'ura ke cillawa sama a wani fili can bayan gari. Yana da bindigogi biyu masu baki biyu, irin da a nan ake ce wa shozan, ya same su wajen wani injiniya Bature da zai koma ƙasarsu. Duk sun girme ni. Tun da idon Kawu ya raunana suke kwance a kabad, har tsatsa ta kama bakin ɗaya, katakon ɗayar ya tsage. Wani tsoho Bahaushen Sudan mai gyaran bindigogi ya yi wata huɗu a kansu.

Na tarar da bindigogin a majalisi, ɗakin baƙin Kawu, kan darduma, suna ƙamshin mai.

"Ɗaya taka, ɗaya ta mijin 'yata," in ji Kawu. "Kai ne babba, kai za ka fara zaɓa. Maganar tasrihi, takardar izinin riƙe bindiga, ka bar mini."

Na ɗauki ta farko. Doguwa ce, katakonta mai duhu, nauyinta kuma duk a gaba yake. Kawu ya ce in ɗora ta kan yatsa daidai inda take karyewa a zuba harsashi. Na ɗora, bakinta ya sunkuya ƙasa. Ta biyu, mai jan katako, da na ɗora ta sai ta tsaya cak, ba ta rinjaya ko'ina ba.

"Ai wannan ce, Kawu."

"A ɗaki ka ce haka. Bari mu je fili."

Ranar Alhamis bayan la'asar muka je. Na saɓa jar, na ce wa mai na'ura, "Saki!" Kafin in gama tunani ta riga ta hau kafaɗa. Daɗin riƙo kam ba a magana. Sai dai saurinta ya yi yawa, bakinta kan wuce farantin, in harbi iska, gindinta kuma ya doke ni a kumatu. Mai duhun akasin haka take. Tana da nawar tashi, amma in ta fara tafiya ba ta karkata, ita ke jan hannuna har farantin ya tarwatse. Kafin harbi na ashirin hannuna na hagu ya fara ciwo, hannun da jakunkunan alhazai suka riga suka gajiyar.

Da mai nauyin na fi fasa faranti. Jar kuma ita raina ke so. Na koma gida ban zaɓa ba.

Daga nan na zama ɗan gida a shagon tsohon nan. Na ce ya sa dalma a gindin mai nauyin don nauyin ya dawo baya. Ya sa. Na gwada, tafiyar nan tata mai santsi ta ɓace. Na ce ya cire. Na ce ya ƙara wa jar fata a gindi ko za ta rage duka. Ya ƙara, ta yi mini tsawo. Wata rana matata ta shigo falo ta same ni da sandar goge-goge a kafaɗa ina bin fankar sama da ita. Ta ajiye shayi ta fita.

Zuwana na biyar, tsohon ko kallon bindigar bai yi ba.

"Ya waladi, ɗana, lafiyarsu ƙalau. Na cire tsatsa, na ɗinke tsaga. Abin da ke damunka ba ni da kayan gyaransa."

Sati shida ina wannan kai-komo. Ranar wata Juma'a na je gaida Kawu, na ga jakar bindiga ɗaya kawai a jingine.

"Ina jar?"

"Ta tafi Yanbu. An mai da mijin 'yata aiki can. Khalas, shi ke nan."

Raina ya ɓaci, na kasa ɓoyewa. "Kawu, ai ni ka ce in zaɓa."

"Na ce. Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Na zauna bayanka ina saurare. Da jar, kana cewa saki kana harbawa. Da wannan kana jira. Ɗauki kayanka."

Na ɗauka. Ban yi godiyar kirki ba sai bayan kwana biyu.

Na saba da ita. Hannuna ya yi ƙarfi, harbina ya gyaru, har mutanen filin suka fara tsayawa kallo. Duk da haka in na kuskure faranti sai in ce da jar ce da na same shi.

Bayan shekara guda na je Yanbu ziyara. Mijin 'yar Kawu yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Na tambaye shi yadda jar take masa a fili. Ya yi dariya, ya ce ko sau ɗaya bai harba ta ba, shi kamun kifi ya sani. Ya ɗauko ta daga saman kabad, man da tsohon nan ya shafa mata bai ko goge ba.

"Khudha," in ji shi. In ɗauka, in ina so mu yi musaya, a gyara takardu.

Na saɓa ta. Ta hau kafaɗa da saurin nan nata. Na sauke, na sake saɓawa. Na ce masa bari in yi tunani.

A hanyar dawowa na tsaya a Badar na sha shayi. Na tada mota, na juya kanta wajen Yanbu, na yi tafiyar minti biyar. Sannan na sake juyawa na kama hanyar Madina.